Kujerar gaba, kujerar baya ko tirela: wacce ta dace da yaranki a Jidda?

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Kin ce ke da maigida kuna fita da keke a Kurnish, wato hanyar shaƙatawa ta bakin tekun Jidda, kuna da jariri ɗan wata bakwai da yayarsa mai shekara biyu da rabi, kuma kina so ki san wacce ta fi tsakanin kujerar da ake ɗaurawa a gaban keke, ta baya, da tirelar nan da keke ke ja. Kin kuma tambaya ko za ki iya goya ƙaramin kafin ku sayi wani abu.

Maganar goyon, don Allah ki bar ta. Na san goyo a jininmu yake, da shi muke girki da shara da ɗawafi, amma a kan keke ba ya da wurin zama. Idan taya ta zame, ke da nauyinki gaba ɗaya a kan yaron za ku sauka, kuma babu abin da ya kare masa kai. Shi kansa ɗan wata bakwai bai isa hawa ba ko a kan wace irin kujera ce. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada a ɗauki yaro a keke sai ya cika shekara guda, saboda wuyansa bai yi ƙwarin da zai riƙe kai da hular kwano ba yayin da keke ke girgiza. Ƙa'idar Turai ta kujerun nan, wadda za ki ga an buga EN 14344 a jikinsu, daga kilo 9 take farawa, kuma da sharaɗin yaro yana zama da kansa ba tare da an tallafe shi ba. A Holan da Jamus za ki ga ana ɗaukar jarirai ƙanana a wani kwandon musamman, to amma su hanyoyinsu da iskarsu daban. Ni dai shawarata ki jira watanni biyar ɗin nan, ki kuma tambayi likitansa ranar da kuka je awo.

To yanzu ga kwatancen.

Kujerar gaba ita ce mafi daɗi, ba na musu. Yaro yana tsakanin hannayenki, kina ganin fuskarsa ta gefe, yana nuna miki teku da jirage da kyanwa, kina amsa masa ba sai kin ɗaga murya ba. Idan hularsa ta karkace ko ya fara zare hannu daga ɗamara, nan take kin gani. Sai dai rayuwarta gajera ce: kilo 15 ne iyakarta, wato yawancin yara sun fi ƙarfinta wajen shekara uku, wasu ma tun kafin nan saboda tsawon ƙafa. 'Yarki ta kusa wuce ta, shi kuma ƙanin bai kai ba. Sannan tana cin wurin gwiwa, za ki riƙa taka feda ƙafafu a buɗe, kuma idan ba ki da tsawo sosai haɓarki za ta riƙa gugar hularsa. Iskar teku da ƙura kuma shi suke fara samu kafin ke.

Kujerar baya tana ɗaukar yaro har kilo 22, kusan shekara biyar ko shida ke nan, don haka kuɗinta ba ya tafiya a banza: yayar ta hau yanzu, ƙanin ya gada. Bayanta dogo ne, tana da kariya ta gefe, wasu kuma ana ɗan kwantar da su baya idan yaro ya yi barci. Iri biyu ce. Akwai wadda ake ɗaurewa a ƙarfen da ke ƙarƙashin sirdi, tana lilo kaɗan a kan sanduna biyu, wannan ta fi shanye gargada. Akwai kuma mai zama a kan kariya, wato ƙarfen ɗaukar kaya na bayan keke, ita kuma sai kin duba lambar da aka buga a jikin kariyar, ki tabbata tana ɗaukar kilo 25 ko fiye. Siririyar kariyar da ke zuwa da kekunan araha ba ta wannan aikin ba ce.

Aibinta shi ne nauyin yana sama kuma yana baya. Muddin kina tafiya ba za ki ji komai ba, wahalar tana wajen tsayawa da tashi da turawa. Yaro mai kilo 13 idan ya leƙa gefe don ya ga abin da ya wuce, keken duka zai bi shi. Kuma ba ki da damar wurga ƙafa ta baya ki hau kamar da, sai ki buge masa fuska. Shi ya sa keken mata, wanda ba shi da sandar tsakiya, ya fi dacewa da ita nesa ba kusa ba, kuma hakan ya shafi maigidan ma idan da jallabiya yake hawa. Ga yadda ake yi: ki tsayar da keken a shimfiɗaɗɗen wuri ko ki jingina shi da jikinki, hannu ɗaya a kan birki ko maigida ya riƙe, ki zaunar da ita, ki ɗaure kafaɗu, ki ɗaure ƙafafu biyu a mazauninsu, sannan ki hau. Wajen sauka, ke ce farko, ita ce ta biyu, kuma ba a barin yaro a kan kujera a juya baya ko da keken yana kan jak mai ƙafa biyu.

Wannan ɗaurin ƙafar kada ki raina shi. Ɗaya daga cikin raunukan da suka fi yawa ga yaran da ake goyawa a bayan keke shi ne diddige ya shiga silin taya, ya saɓule fata, wani lokaci har da karaya. Dokar hanya ta Jamus ma ta ambace shi ƙarara: yaro ƙasa da shekara bakwai sai a kujera ta musamman, da kariyar da za ta hana ƙafarsa shiga taya, kuma mai tuƙin ya kai shekara 16. Idan sirdinki mai sifirin ne a ƙasa, ki rufe shi, don daidai nan yatsun yaro suke kaiwa. Ke ma abayarki a tattare ta, ko ki sa wadda ba ta da faɗin ƙasa, kuma a sa wa sarƙa murfi. Tun 2013 aka ba mata damar hawa keke a wuraren shaƙatawa a ƙasar nan, yanzu kuma har abayar wasanni ake ɗinkawa, ba wuyar samu take ba.

Tirela ita ce zan fi daɗewa a kanta, don ita ce mutanenmu suka fi yi wa gurguwar fahimta. Wanda ya gan ta a karon farko cewa yake yi an jefa yara a ƙasa a bayan keke. Amma dubi yadda aka ƙera ta: taya biyu, firam na ƙarfe kewaye da yaran har sama, ɗamara mai maɗauri biyar, kuma mahaɗinta da keken yana jujjuyawa, ta yadda idan kika faɗi galibi ita tana nan a tsaye. Daga kujera yaro yakan faɗo ne daga tsayin kusan mita guda, a tirela kuwa yana dab da ƙasa. Mai mazauni biyu tana ɗaukar kusan kilo 45, wato yaranki duka biyu da gorar ruwa da kayan canji. Barci kuma nan ne gidansa. A kujera, da zarar yaro ya yi barci sai kai ya langaɓe gaba, hula ta rufe ido, kina tafiya kina miƙa hannu baya kina tallafe shi. A tirela sai dai ki iso ki tarar sun jingina da juna. Da yawansu ana sa musu ƙaramar taya a gaba su koma keken tura jariri, to kin ga tun yanzu ma ɗan wata bakwai zai iya morar ta a tafiyar ƙafa, idan an sa masa shimfiɗar jarirai da kamfanin ya yi mata.

Illolinta uku ne, kuma biyu daga ciki sun fi tsanani a nan fiye da Turai. Na farko mota. Tirela gajera ce, mai babbar jif da ke fitowa da baya daga wurin ajiye motoci ba lallai ya gan ta ba, ko da tutar nan mai tsawo da ake kafa mata. A titin Madina ko titin Falasɗinu ba zan ja tirela ba, amma gaskiya a can ko kujera ba zan ɗora yaro ba. Lungunan Karantina, ko na Shara Mansur ga 'yan uwanmu na Makka, su ma ba wurinta ba ne, faɗinta ya kusa santimita 80 kuma ga motoci a fake hagu da dama. Wurinta shi ne hanyar keke da aka ware, irin ta sabon Kurnish da aka buɗe a ƙarshen 2017, ko ga na Riyad, Wadi Hanifa da sashen farko na Sports Boulevard da aka buɗe a 2025.

Na biyu zafi. Yaran suna zaune dab da kwalta, wadda ke ci gaba da huci bayan rana ta faɗi, kuma iskar da ke kaɗa ki a sama ba ta kai musu sosai. Tirela tana zuwa da murfi biyu, na raga da na leda. Na ledar don ruwan sama da sanyin Turai aka yi shi, idan kika rufe shi a damshin Jidda kin mayar da ita tukunyar dambu. Raga kawai, kuma kada a lulluɓa mayafi a kai da sunan inuwa, yana tare iska ne. Na uku wurin ajiya da tsada: ta ninka kujera kuɗi sau da yawa, kuma ko an naɗe ta tana cin rabin but ɗin mota. Idan kuna hawa na uku a gidan da ba lif, ki yi tunanin wanda zai riƙa hawa da sauka da ita.

Zafin nan fa bai bar kujerun ba. Ƙasar da ke hana ma'aikata aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, ba ƙasar da za a fita da ɗan shekara guda da hantsi ba ce. Bayan Asuba ko bayan Isha'i, kuma lokacin da ya fi daɗi daga Nuwamba ne zuwa Maris. Kujerar da ta wuni a mota ko a rana, ki taɓa ƙarfen ɗamarar da bayan hannunki kafin ya taɓa cinyar yaro. Idan kika ga ya yi shiru fiye da yadda kika san shi, fuska ta yi ja, a tsaya a ba shi ruwa a koma gida. Da dare kuma fitila gaba da baya, har da jikin tirelar.

Da ni ce ke, ga abin da zan yi. Idan kuna da mota kuma a Kurnish kaɗai kuke hawa, tirela mai mazauni biyu zan saya, don nan da 'yan watanni yara biyu za ki riƙa ɗauka, kuma matsalar motoci ba ta shafe ku a can ba. Idan kuɗin ko wurin ajiyar bai ba da dama ba, kujerar baya a keken maigida, yayar ta fara. Ta gaba sai in akwai rarar kuɗi, ƙanin ya more ta shekara biyu.

Ita kuma yayar, a shekara biyu da rabi ta isa ta samu nata keken. A nan zaɓin tsakanin mai ƙananan tayoyin gefe ne da wanda ba shi da feda sam, yaro ya zauna ya riƙa tura ƙasa da ƙafafunsa. Na biyun na fi so. Mai tayoyin gefe yana koyar da taka feda, abin da yaro ke iya koya a yini ɗaya, amma yana hana shi koyon daidaita jiki, wanda shi ne ainihin hawa keke, kuma a kwana waje yake jefa shi maimakon ciki. Yana da nauyi ma, maras fedar kuwa akwai na kilo 3. Ba sabon abu ba ne, keken farko da Bajamushe Karl von Drais ya ƙera a 1817 haka yake, ba feda. Ki nemi mai taya inci 12, ki sauke sirdin har tafin ƙafarta ya zauna a ƙasa sosai gwiwa a ɗan lanƙwashe, a sa mata takalmi rufaffe ba silifas ba. Makonnin farko tafiya kawai za ta riƙa yi da shi a tsakanin ƙafafu, kada a matsa mata. Wata rana za ki ga ta ɗaga ƙafa biyu ta sulala.

Hular kwano kuwa dole ce a duk ukun. Ki auna kan yaro da tef ɗin tela a saman gira ki tafi da lambar shago, kada ki saya da girma wai zai girma a ciki. Ta zauna daidai, yatsu biyu tsakaninta da gira, igiyar haɓa kuma yatsa ɗaya ne zai shiga. Ki duba tambarin inganci na EN 1078 ko CPSC a ciki, kuma ki zaɓi mai shafaffen baya, don mai tsini tana tura kan yaro gaba idan ya jingina da kujera. Idan an sauka an shiga wurin lilo da silalo a cire ta, igiyar tana iya maƙalewa.

Kujera da tirela ana samun na hannu masu kyau a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, ko a kasuwar Sawarikh idan kina da haƙurin tono, musamman daga iyalan da ke barin ƙasar. Thule, Hamax, Bobike da Polisport sunaye ne da aka sani a kujeru, Burley kuma a tirela. Ki lanƙwasa robar da hannu ki gani, wadda rana ta ci tana yin fari-fari da ƙananan tsaga, wannan a bar ta, araha ba ta ado. Ki ja ɗamarar da ƙarfi, ki tabbata ƙarfen da ke haɗa kujerar da keke yana tare da ita, don shi kaɗai wahalar samu yake yi. Hula ce kawai ba a saya ta hannu, tunda wadda ta taɓa bugun ƙasa ta gama aiki ko da ba a ga tsaga a jikinta ba. Kuma ki tafi da keken naki wurin sayen, a gwada a gabanki, don ba kowace kujera ce ke hawa kowane firam ba.