Siron laktuloz da tsohon karena: abin da na gani cikin kwana goma

Shekara 11 karena Duna yana gadin garkata a wajen Jiratawa. Ɓarawon tumatir da akuyar maƙwabta duk sun san muryarsa. Bayan Sallar Layya yara suka riƙa kai masa ƙasusuwan rago kullum, ni ma ban hana ba, don a wurinmu kare da ƙashi abu ne da aka saba. Kwana uku sai na lura yana tsugunawa yana nishi, ya tashi ya zagaya ya sake tsugunawa, babu abin da ke fita. Ranar da ya samu ya yi ɗan kaɗan, fari ne, busasshe, yana marmashewa kamar alli.

Wani ya ce in ɗura masa man gyaɗa. Na gode Allah ban yi ba. Likitan bisashen da na kai shi wurinsa cikin Maradi ya ce, "Malam, mai idan aka ɗura wa kare da ƙarfi yana iya sarƙe shi ya wuce huhu, wannan kuma ya fi taurin bayan gida muni." Ya lallatsa cikinsa, ya sa safar hannu ya duba ta baya, saboda tsohon karen da ba a dandaƙe ba akwai wani ƙullutu kusa da mafitsararsa da kan kumbura ya matse hanji. Ya kuma tambaye ni ko yana fitsari lafiya, ko yana amai. Sai da ya tabbata hanjin bai toshe ba sannan ya rubuta mini laktuloz, na saya a farmasi. Siro ne na mutane, mai zaƙi da kauri. Ya auna Duna, kilo 19, ya yanke mini adadin da zan zuƙa a sirinji safe da yamma.

Aikin laktuloz kuwa, wani irin sukari ne da ciki ba ya narkar da shi. Yana wucewa har babban hanji, can ya jawo ruwa ya jiƙa abin da ya daskare. Shi ya sa ba ya aiki nan take, kuma nan ne haƙurina ya kusa ƙarewa. Ranar farko shiru. Na kwana ina tunanin ko in ninka, amma na tsaya kan maganar likita. Da yammacin rana ta biyu ya yi, mai yawa, har da ɓarɓashin ƙashi a ciki. Na ga yadda ya miƙe ya girgiza jiki, raina ya yi fari.

Bayarwa ba wuya, zaƙin ya sa yana lashewa idan na gauraya da ɗan tuwo. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne kumburin ciki da tusa a kwanakin farko, sannan rana ta biyar abin ya zarce ya koma kusan zawo. Na buga wa likita, ya ce a rage rabi. Kwalbar kuma sai an goge bakinta, in ba haka ba kiyashi su yi mata rubdugu.

Siron kaɗai ba zai isa ba idan ruwa ya yi ƙaranci, don da ruwan jikin karen yake aiki. A zafin Maradi kaskon da aka cika da safe kafin azahar ya yi zafi, Duna kuma ƙugunsa na ciwo, ba ya son tashi ya je nesa. Yanzu kasko biyu ne a inuwar mangwaro kusa da makwancinsa. Ina dafa masa kabewa in dama da abincinsa, da la'asar kuma mu taka a hankali zuwa bakin rijiya mu dawo.

Na dakatar da maganin rana ta goma. Zan sake saye idan likita ya ce, amma kare mai amai ko wanda ya ƙi abinci, cikinsa ya yi tauri, ba zan ba shi ko cokali ɗaya ba sai an duba shi. Yara kuwa na gaya musu ƙashi ya ƙare ga Duna, su kawo masa romo da tsoka.