Labarin jirgin Wager ya kai, amma bugun da aka aiko mini jabu ne

Na sayi littafin tarihin jirgin yaƙin Ingila, Wager, a wajen wani mai tallar littattafan Turanci a WhatsApp. Labari kam ba a magana, ya hana ni barci. Jirgin ya bar Ingila a 1740 cikin rundunar George Anson don yaƙar Sifaniyawa, ya tarwatse a kan duwatsun wani tsibiri a gaɓar Chile a watan Mayun 1741. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dokar lokacin: da zarar jirgi ya nutse, albashin ma'aikata ya tsaya. To mutumin da ba a biyansa, ga yunwa ga sanyi, da me za ka sa ya yi maka biyayya? Ga kuma kyaftin David Cheap da ya harbi ƙaramin hafsa Henry Cozens a fuska, aka bar shi yana jinya har ya mutu. Wallahi ban ga laifin John Bulkeley, mai kula da igwa, da ya kwashe mutane 81 suka bar kyaftin a tsibirin ba. Kusan 30 ne suka isa Brazil da rai.

A nan takaici ya fara. Ina ɗokin zaman kotun soja na 1746, in ga wa za a rataye, sai na tarar babu shafukan! An maimaita babin yunwar tsibiri, har da inda aka cinye karen ƙaramin hafsa John Byron, daga nan sai bangon baya. Haba! A intanet na gano cewa batun asarar jirgi kawai kotun ta duba, ba a tuhumi kowa da tawaye ba.

Na kira mai tallar, sai ya ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri, haka suka zo." Na ce ya canza, ya ce sai dai in sake biyan kuɗin mota. Da na duba da kyau ma, taswirar ta dushe, mashigin tekun Magellan da su Bulkeley suka bi zuwa Brazil ba ya karantuwa, gam ɗin kuma ya fara saki. Kuɗin na asali ya karɓa. Na so in yi masa uzuri saboda saƙon ya iso da wuri, amma a'a. Ku nemi littafin a wani waje, kuma ku duba shafukan ƙarshe kafin ku tura kuɗi.