Kafin ka ba manhaja sirrin zuciyarka

Ƙanwata ta yi wata biyu ba ta samun barci. Ƙarfe biyun dare, a gidanmu na unguwar Zariya a Maradi, sai in hango hasken salula cikin gidan sauronta, tana rubuta wa wata manhaja damuwarta da Faransanci. Da na yi mata magana ta ce: "Yaya, ita ba ta gajiya da ni." Shi ya sa na zauna na auna abin da ke gabanmu.

Mafi arha su ne manhajojin da ke hira da mutum, irin su ChatGPT: kuɗin intanet kawai, ba layi, ba idon jama'a. Amma ba don jinya aka gina su ba, kuma suna yawan bin ra'ayin mai magana. Wanda ke zargin kowa na ƙinsa, tsawa mai taushi yake buƙata, ba "gaskiyarka" ba.

Akwai waɗanda aka yi musamman don damuwa, kamar Wysa, masu koyar da motsa numfashi da gyaran tunani. Sun fi tsari, sai dai Ingilishi ya fi yawa a cikinsu, kuma cikakken aikinsu na kuɗi ne. Suna iya rufewa ma: wata irinsu, Woebot, ta rufe manhajarta a watan Yunin 2025.

Abin da ya fi damuna shi ne wa za a kama in abu ya ɓaci. A Amurka, jihar Ilinoi ta kafa doka a Agustan 2025 wadda ta hana na'ura yin aikin likitan ƙwaƙwalwa, da tarar da ke kai dala dubu 10 ta Amurka. Dokar can ba ta kare ɗan Maradi. A nan Nijar muna da hukumar HAPDP mai kare bayanan mutum, amma sirrin da ka rubuta yana ajiye a kwamfutocin wata ƙasa. Saboda haka kada ka sa suna, lambar waya ko hoton takardar magani.

Mutum fa? Asibiti na cin lokaci da kuɗin adaidaita, masanan ƙwaƙwalwa kuma kaɗan ne. Duk da haka, ga mai jin muryoyi, ko mai tunanin kashe kansa, ko mai jegon da ta daina kula jaririnta, ban yarda da wani zaɓi ba sai asibiti, kuma a yau.

Ita ƙanwata asibitin unguwa na kai ta. Malamar jinya ta auna jininta, ta tambayi cinta da barcinta, ta riƙe hannunta ta ce: "Ɗiyata, tun yaushe kike ɗauke da wannan ke kaɗai?" Sannan ta rubuta mana takardar zuwa babban asibiti.