X-shooter ko SED Machine: wacce ta fi dacewa da tauraron da ba ya jira?

Assalamu alaikum. Malam, tambayar da ka ajiye mana ita ce: tunda akwai manyan na'urorin hangen nesa a Chile masu madubin da ya haura mita 8, me ya sa masana taurari suke ta aiki da wata ƙarama mai mita ɗaya da rabi a Kalifoniya wajen bin diddigin taurarin da ke fashewa? Kuma in an jera su, wacce ta fi? Na ji daɗin tambayar ƙwarai, domin ta taɓa wurin da aikin ya fi wuya. Zan ɗauki na'ura ɗaya daga kowane ɓangare in jera maka su: X-shooter da ke dutsen Paranal a Chile, da SED Machine da ke dutsen Palomar a Amurka.

Dukansu biyu aikinsu ɗaya ne, wato tsefe haske. Hoto yana nuna maka cewa wani ɗigon haske ya bayyana inda jiya babu shi, ya kuma gaya maka ƙarfinsa. Iyakarsa ke nan. Amma in ka bi da hasken nan ta cikin na'urar da za ta warware shi launi-launi kamar bakan gizo, sai ka ga wasu layuka, wasu masu haske wasu masu duhu. Kowane sinadari da inda layinsa yake zama. Haidurojin yana da jan layi a nanomita 656 (nanomita ita ce ma'aunin tsawon zangon haske, wanda ke bambanta launi da launi). Faɗin layin yana gaya maka gudun da iskar take yi, gocewarsa daga mazauninsa kuma tana nuna nisan abin daga gare mu. Dabarar ta daɗe: tun a watan Mayun 1866 William Huggins na Ingila ya tsefe hasken wani tauraro da ya yi ɓullar ba-zata, T Coronae Borealis, ya ga layukan haidurojin suna ƙyalli a cikinsa.

Mu fara da girma, inda babu gardama. X-shooter tana kan ɗaya daga cikin manyan na'urorin hangen nesa huɗu da ake kira VLT, kowacce da madubi mai faɗin mita 8.2, a hamadar Atacama, sama da mita 2,600 daga gaɓar teku. SED Machine kuwa tana kan madubi mai inci 60, wato kusan mita 1.5. In ka lissafa faɗin farfajiya, babbar tana tara hasken da ya ninka na ƙaramar kusan sau 30. Don haka ƙaramar ba ta wuce abin da ƙarfin haskensa ya kai mataki na 18.5 ko 19 a ma'aunin masana taurari, inda ƙaruwar lambar ke nufin ƙarin dusashewa. Kada ka raina wannan: mataki na 18.5 ya fi tauraron da idonka yake iya gani da ƙyar a daren da babu wata dusashewa sau 100,000. Sai dai X-shooter tana gangarawa ƙasa da haka sosai.

Sai kaifin rabewa, kuma nan ne nake so ka tsaya. Ana auna shi da lamba guda. Ta SED Machine kusan 100 ce. Ta X-shooter tana kamawa daga wajen 4,000 har ta haura 15,000, gwargwadon sashen da aka yi amfani da shi da kuma faɗin tsagar da hasken ya shiga. Ga yadda za ka fassara lambar: raba gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, da ita. Ƙaramar ba ta bambance motsin da bai kai kilomita 3,000 a daƙiƙa ba. Babbar, in lambarta tana 10,000, tana ganin bambancin kilomita 30 a daƙiƙa. Mai karatu zai ce to ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, saboda tarkacen tauraron da ya fashe yana watsuwa ne da gudun kilomita 10,000 a daƙiƙa ko fiye. Layukansa ba sirara ba ne, faffaɗa ne kamar tudu da kwari. Ba ka buƙatar aska don yanka kabewa. Da wannan kaifin na 100 ana gane ko akwai haidurojin, wato fashewa ce nau'i na II, ta ƙaton tauraron da cikinsa ya rufta. Ko kuwa babu haidurojin sai wani kwari na silikon a wajen nanomita 615, wato nau'in Ia, na farin wadan tauraro (ƙaramin ragowar tauraron da ya mutu) da ya tarwatse gaba ɗaya. Tambayar farko da ake yi wa kowane sabon ɗigo ke nan, kuma ƙaramar tana amsa ta.

Ka ɗauke ta kamar gwajin maleriya na gaggawa da ake yi da ɗigon jini a ƙaramin asibiti. Ba zai ƙirga maka yawan ƙwayoyin cutar ba kamar yadda za a yi a ɗakin gwaje-gwaje, amma cikin mintuna an san wanda za a ba magani da wanda za a tura gaba.

Abin da ya sa aka gina ta ma ke nan. A dutsen Palomar ɗin akwai wata na'ura mai inci 48 da ke ɗauke da kyamarar ZTF, wadda tun 2018 take share sararin arewa tana neman duk abin da ya sauya. Abin da ta gano sai a jefa shi layin SED Machine, ita kuma ba ta jiran mutum: kwamfuta ce ke juya ta, ta ɗauki hasken, ta tsefe shi, ta kwatanta da samfuran da aka adana. Akwai wata hikima a ƙirarta da nake so ƙwarai. X-shooter galibi tana karɓar haske ne ta siririyar tsaga, dole a daidaita tauraron a tsakiyarta daidai wa daida. Ita kuwa ƙaramar tana da farfajiyar ƙananan ruwan tabarau jere kamar saƙar zuma, kowanne yana tsefe hasken ɗan gurbinsa. Ko an ɗan kauce wajen saiti, tauraron yana ciki. Na'urar da babu mai gadinta da dare irin wannan sassaucin take buƙata.

VLT ba haka take ba. Masu neman lokaci a kanta sun ninka daren da ake da shi, ana rubuta takardar neman izini watanni kafin lokaci, kwamiti ya tace. Babu wanda zai ba ka daren madubi mai mita 8.2 don ka duba fashewa ɗari da yawancinsu na yau da kullum ne. Amma kada in rage mata haƙƙinta: tana da tsarin gaggawa na musamman. Idan tauraron ɗan'adam ya hango walƙiyar hasken gama (haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani), saƙo yana isa Paranal kai tsaye, a katse aikin da ake yi, na'urar ta juya cikin 'yan mintuna. A Oktoban 2022, da aka ga walƙiyar gama mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa, GRB 221009A, X-shooter ce ta auna gocewar layukanta zuwa ja, 0.151, aka san nisanta. Saurin nan yana nan, sai dai an tanade shi ne don abin da ya isa a tashi sarki daga barci dominsa.

Bambanci na gaba, wanda a ganina ya fi girman madubi muhimmanci, shi ne faɗin launukan da kowacce take kamawa. SED Machine tana tsayawa ne a hasken da ido ke gani da ɗan abin da ke gefensa. X-shooter tana raba hasken gida uku a lokaci guda, ta kama daga nanomita 300 har kusan 2,500, wato daga hasken da ya wuce shuɗi har can cikin wanda ya wuce ja. A harbi ɗaya. Ga abin da ke sauya kama kowace sa'a, wannan babbar ni'ima ce, domin ba sai ka haɗa awon yamma da na tsakar dare ka yi fatan abin bai motsa ba a tsakani.

Ranar 17 ga Agusta 2017 ta nuna amfanin haka. Na'urorin LIGO da Virgo suka ji girgizar sararin samaniya daga karon taurarin niyutiron biyu (curarrun ragowar manyan taurarin da suka fashe), bayan daƙiƙa 1.7 tauraron ɗan'adam Fermi ya ga walƙiyar gama. Wurin da aka nuna a sama yana da faɗi, aka bazama nema. Wa ya fara ganin ɗigon? Na'urar Swope mai mita 1 kacal a Las Campanas, bayan kusan sa'o'i 11, a gefen tarin taurari NGC 4993, nisan shekarun haske miliyan 130. Wurin yana kusa da rana a wancan watan, bai fi a same shi na ɗan lokaci bayan magariba ba kafin ya faɗi. A daren farko na'urorin Magellan suka tsefe haskensa, aka ga zafinsa ya kai wajen digiri 11,000, tarkacen kuma yana gudu kusan kashi 30 cikin 100 na gudun haske. Washegari zafin ya sauka zuwa wajen 5,000. Cikin 'yan kwanaki shuɗin ya mutu, hasken ya koma can bayan ja, inda ƙaramar na'ura irin SED Machine makauniya ce. X-shooter ta bi shi dare bayan dare. Daga waɗannan awon ne, a 2019, Darach Watson da abokan aikinsa suka gano alamar sinadarin sitirontiyom a wajen nanomita 800, shaida ta kai tsaye cewa irin wannan karon yana ƙera sinadarai masu nauyi. Sitirontiyom ɗin nan shi ne ke ba wasan wuta jan launinsa. Har yau in na tuna haka sai jikina ya yi sanyi. Na'urar hangen nesa ta SALT ta Afirka ta Kudu, da ke Sutherland, ita ma ta samu nata awon a kwanakin farko, nahiyarmu ba a bar ta a baya ba.

A wannan fagen babbar ta yi nasara, babu ja.

Yanzu juya ɗaya gefen. Ranar 19 ga Mayu 2023 Koichi Itagaki, mai sha'awar taurari a Japan, ya ga sabon ɗigo a tarin taurari M101, nisan shekarun haske kusan miliyan 21. M101 yana can arewacin sama sosai, daga Kano ko Damagaram yana hawa sama da kyau a watan Mayu, amma daga Paranal da ƙyar yake ɗagowa daga gefen ƙasa. Duk girman VLT ba ta da abin yi a nan. Cikin sa'o'i kaɗan na'urar Liverpool mai mita 2 a tsibirin La Palma na Sifaniya, wadda ita ma kwamfuta ce ke tuƙa ta, ta tsefe hasken ta ce nau'i na II ne, aka sa masa suna SN 2023ixf. Ta kuma hango abin da ake kwaɗayi: wasu layuka masu ƙyalli daga iskar da tauraron ya riƙa fesarwa a shekarunsa na ƙarshe kafin ya mutu. Walƙiyar fashewar ce ke haska wannan iskar, sai kuma tarkacen ya iso ya share ta. A wannan tauraron layukan sun yi kamar mako guda suka ɓace. A wani da aka gani a 2013, SN 2013fs, an kama su da na'urar Keck ta Hawaii kusan sa'o'i 6 bayan fashewa, ba su daɗe ba suka tafi. Wanda ya zo a makare, ko da madubin mita 30 ya zo, ba zai same su ba.

To amma lura: waɗannan layukan sirara ne, domin iskar ba ta gudu kamar tarkacen. Ƙaramar na'ura za ta iya ce maka ga su nan, ba za ta iya auna faɗinsu ba. Don sanin gudun da tauraron ya fesar da iskar, da yawan abin da ya zubar, sai mai kaifi ta shigo a daren. Ƙaramar ce ke buga ƙararrawa, babbar ta zo da awo.

Ka nemi in zaɓa, ba zan noƙe ba. Da za a ce ƙasa mai ɗan ƙaramin kasafi ta shiga wannan fagen, ni ƙaramar mai sarrafa kanta zan ce a gina. Dalilina shi ne ƙarancin da ake fama da shi yanzu ba na gano sababbin ɗigo ba ne, na sanin ko mene ne su ne. Mafi yawan abin da kyamarori ke ganowa yana dusashewa ba tare da an taɓa tsefe haskensa ba. Kuma duniya tana juyawa: abin da ya fashe lokacin da gari ya waye a Chile yana buƙatar wanda ke cikin dare a wani yankin.

Sai dai akwai damuwar da ke gaba, wadda ta fi ƙarfin zaɓin nawa. Cibiyar Vera Rubin da ke Cerro Pachón a Chile, mai madubin mita 8.4, ta fitar da hotunanta na farko a Yunin 2025, kuma an tsara ta ne ta riƙa aiko da sanarwa har miliyan 10 a dare guda. Da yawansu taurari ne masu sauya haske da duwatsun sama, amma ko ragowar ma ya fi ƙarfin duk na'urorin tsefe haske na duniya. Tana kuma gani har wajen mataki na 24.5, wato abin da ya fi iyakar SED Machine dusashewa kusan sau 250. Ƙaramar ba za ta kai can ba, babbar kuma ba ta da daren. Shi ya sa Turawa suka ƙera wata ta tsakiya da suka kira SOXS, sunan da ke nufin ɗan X-shooter. An yi ta ne don madubin NTT mai mita 3.58 a La Silla, kaifinta wajen 4,500, tana kama daga nanomita 350 zuwa 2,000 a harbi ɗaya, kuma babban aikin da aka ware mata shi ne bin waɗannan abubuwa masu saurin gushewa.