Neman ɗaki a Legas ga mai keken guragu: wanne ya fi?

Kowa a Legas da kuɗin haya yake fara tambaya. Mai buƙata ta musamman kuwa, abin da ya kamata ya fara ƙirgawa shi ne matakala nawa ce tsakanin bakin titi da shimfiɗarsa.

Mafi arha shi ne ɗakin fes-mi-a-fes-yu, wato gidan haya mai ɗakuna a jere suna kallon juna da banɗaki na tarayya, ga su nan birjik a Agege, Idi-Araba da Mile 12. Kana cikin 'yan'uwa, masallaci kusa, in ciwo ya taso da dare akwai ƙofar da za a buga. Amma banɗakin fa? Yana can ƙuryar gida, na tsuguno, ƙofarsa ba ta cin keke, daɓen kullum santsi da ruwan sabulu, da asuba kuma ga layi. Ga kwatar ƙofar gida da aka gitta wa katako ɗaya. Makaho zai haddace gidan nan da nan. Mai keke kuwa sai an ɗauke shi safe da yamma, wannan ba zaman kai ba ne.

Ɗaki mai banɗaki a ciki ya fi tsada, ga kuɗin ejan da na yarjejeniya, amma a ganina nan ya dace kuɗin su tafi, muddin ba a bene yake ba. Sai dai ɗakin ƙasa a Legas yana da nasa ciwon, wato ambaliya. Ka duba shatin ruwa a jikin bango, ka tambayi maƙwabta yadda damina ke musu. Kada ka tsaya ga bakin ejan, je da kekenka ka gwada kowace ƙofa. Dokar haya ta jihar, ta 2011, ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni, ko da yake ba duk masu gida ke bin ta ba.

Akwai kuma gidajen gwamnati na Rent-To-Own da aka soma a 2016, inda kake biya kamar haya har gidan ya zama naka: kashi 5 cikin 100 na kuɗin gidan da farko, ragowar cikin shekara 10. Mai albashi ya jarraba, ya yi rajista da LASODA, ofishin jihar mai kula da masu buƙata ta musamman, ya dage a ba shi na ƙasa. Illa da damansu suna can wajen Ikorodu da Epe, abin da ka rage a haya mota ce za ta cinye.

A nan Agege ta sha gaba: jirgin ƙasa na Red Line yana tsayawa a can tun 2024, kuma ya fi kokawar shiga danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya, sauƙi nesa ba kusa ba.