Tsatsa tana komawa ƙarfe? Ruwan khal, maganin shagon fenti da wutar maƙera

Malam, na ga tambayarka tun daren jiya. Ƙofar shagonka ta ƙarfe a unguwar Obalende ta Legas ta yi jawur cikin damina biyu, alhali irinta a gidanku na Katsina ta shekara goma ba abin da ya same ta. Wani ya ce ka jiƙa ta da ruwan khal, wani kuma ya ce akwai magani a shagon fenti da ke mayar da tsatsa ƙarfe. Kana son sanin na gaskiya kafin ka fitar da kuɗinka.

Kada ka yi saurin ɗora wa mai walda laifi. Sai abu uku sun haɗu tsatsa take fitowa: ƙarfe, ruwa da oksijin, wanda shi ne kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Idan ɗigon ruwa ya kwanta a kan ƙarfe, wurin yakan zama kamar ɗan ƙaramin batir. A wani gefe ƙarfe yana sakin ƙwayoyin lantarkinsa yana narkewa cikin ruwan, a wani gefe oksijin yana karɓarsu, sai su haɗu su ba da wannan jan gari. Gishiri yana sauƙaƙa wa lantarki tafiya cikin ruwa, shi ya sa yake rura abin. To, kai kana zaune ne tsakanin lagun, wato tafkin Legas, da teku, a garin da laimar iska takan wuce kashi 80 cikin 100 a yawancin watanni. A Katsina kuwa rani da hunturu sukan busar da komai fiye da rabin shekara. Abin da ya fi muni shi ne tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta kumbura, ta ɓamɓare, ta buɗe sabon ƙarfe a ƙarƙashi. Haka rodi yake fasa kankare a tsofaffin benayen Legas.

Ruwan khal, wanda asid ɗinsa kusan kashi 5 ne cikin 100, narkar da tsatsa yake yi ta bi ruwa ta tafi. Haka ruwan lemun tsami da na tsamiya suke yi. Ƙarfen da ya fito yana ƙyalli ba sabo ba ne, wanda ya rage ne a ƙarƙashi, kuma ya fi na da siranta. Ya dace da sifana, almakashi, kwaɗo da noti, abin da za ka iya nutsarwa cikin bokiti ya kwana. Ga ƙofar da ke tsaye bai dace ba, domin zai zurare kafin ya yi aiki. In kuma ba ka ɗauraye, ka busar, ka shafa mai nan take ba, kafin azahar za ka ga ja ya dawo.

Maganin shagon fenti daban yake, domin shi ba ya cire tsatsa, a wurin yake ɗaure ta. Yawanci akwai asid na fosforik ko sinadarin tanin a ciki, wasu kuma duka biyun. Sukan haɗu da jan garin su mayar da shi wani baƙin ɓawo mai kama jiki, wanda fenti zai zauna a kansa. Wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu, kuma yana faranta mini rai. Tanin ɗin nan shi ne ke cikin bagaruwar da majema suke jeme fata da ita. Idan baduku ya zana kuloko, rinin nan da ake haɗawa da ƙarfe, a kan jemammiyar fata, sai wurin ya yi baƙi ƙirin. Haɗuwar ƙarfe da tanin ke nan, ita ce kuma za ka gani a ƙofarka. Amma baƙin ɓawon nan ba ƙarfe ba ne. Ba ya ɗaukar nauyi, ba ya toshe rami. Duk mai sayarwa da ya ce maka ƙarfe ya dawo ya ƙara wa miya gishiri.

Ta fuskar kimiyya kuwa, amsar ita ce e, tsatsa tana komawa ƙarfe, sai dai a cikin wuta. Tamar da ke Itakpe ta jihar Kogi ƙarfe ce da oksijin a haɗe, 'yar'uwar tsatsa ce ta jini. Maƙeran dauri sukan zuba tama da gawayi a tanderu su yi ta zuga, iskar da gawayin ke fitarwa ta fizge oksijin ta bar ƙarfe. An gano irin waɗannan tanderu a Taruga kusa da Abuja, na mutanen dauri da ake kira Nok, masu shekara fiye da 2,000. Aikin yana neman zafin da ya haura digiri 1,000, kuma ƙarfe tsantsa ba ya narkewa sai a digiri 1,538. Abin da ke fitowa dunƙule ne da za a sake ƙerawa, siffar ƙofa ta tafi. Garin tsatsar da ka share daga bakin shago kuwa ya riga ya bi kwata.

Da ni ne kai, ga yadda zan yi. Ɗauki sukundireba ka danna wuraren da suka fi ja, musamman ƙasan ƙofa inda ruwan sama ke kwanciya. Inda ya huda, a kira mai walda ya yanke ya sa sabon falle, domin ba ruwan kwalba da zai yi wannan aiki. Inda ya yi tauri, a kankare ɓawon da burushin waya, a wanke da ruwa mai daɗi saboda gishirin da ya maƙale, a bari ya bushe sarai. Wannan wankin mutane da yawa suna tsallake shi, shi ya sa fentinsu ke kumbura daga ciki. Sai a shafa maganin, a bi da jan fentin farko, a ɗora fentin mai sau biyu. Ka jira sai Disamba ko Janairu lokacin da iska ta ɗan bushe, kuma ka sa a ɗaga ƙasan ƙofar kamar yatsa biyu daga siminti.