Ziyarar Madina: jar bas mai bene ko shatar tasi?

Hajiya, kin ce ke da Mama za ku yi kwana huɗu a Madina bayan Umara, kina tambaya ko ku hau jar bas ɗin nan mai bene ta City Sightseeing, ko ku ɗauki shatar tasi. Duka biyun na raka baƙi a cikinsu, kuma da yake da Mama za ki fita, tasi zan ce.

Bas ɗin tana da daɗinta. Tikiti ɗaya ne na awa 24, kina sauka inda kika ga dama, idan kin gama ki jira ta baya ki hau. Tana bi ta Uhudu, Ƙiblataini, wajen Handaƙ da Ƙuba, ana ba ki abin sawa a kunne kina jin tarihi da Larabci ko Turanci. Tana kuma kai ki tsohuwar tashar jirgin ƙasan Hijaz da ke Anbariyya, wanda Turkawa suka kawo Madina a 1908. Ni dai ban taɓa shiga tasi direba ya ambaci wurin nan da kansa ba. Daga saman bene kuwa, bayan La'asar a watan Janairu, garin yana da kyan kallo ƙwarai.

Matsalarta jira. A Ƙiblataini, inda aka juya alƙibla daga Baitul Maƙdis zuwa Ka'aba a shekara ta 2 bayan Hijira, raka'a biyu da ɗan dubawa ba za su ci miki minti ashirin ba, amma sai kin tsaya a bakin titi har wata bas ta zo. Ki yi haka a wuri huɗu, sai ki ji kiran Azahar kina nesa da Harami. Wanda ya zo daga Kano ko Maraɗi don sallar da ta fi dubu a wani masallaci, wannan asara ce gare shi. Ga matattakalar bene, ƙunci gare ta, gwiwar tsohuwa ba za ta so ta ba. Da rani kuma zafin Madina yana wuce digiri 40, saman nan ba ya zaunuwa da rana.

Tasi tana ɗaukar ku a ƙofar masauki bayan Asuba, kafin ƙarfe goma kun dawo. Ku fara da Ƙuba, masallacin farko a Musulunci, kilomita uku da wani abu kudu da Harami. Ku yi alwala tun daga ɗaki, domin hadisin ladan Umara ya ambaci wanda ya yi tsarki a gidansa sannan ya zo ya yi salla. Daga nan Uhudu, nan ne ya kamata ku daɗe. Mama ta tsaya a bakin shingen maƙabarta ta yi wa Sayyidina Hamza da sauran shahidai 70 sallama, ke kuma ki hau ɗan dutsen maharba, inda Annabi (SAW) ya tsayar da mutum 50 a shekara ta 3. Sai kin tsaya a kansa za ki gane yadda Khalid ɗan Walid ya zagayo ta baya da dawakai. In kun dace da direba ɗan Takari mai jin Hausa, Mama za ta ji duk wannan da harshenta, har ta yi tambaya.

Ita ma tasin da halinta. Wani direba ya taɓa yi mana "yalla, yalla" a Uhudu ko minti goma ba mu yi ba, sannan ya ajiye mu kusan awa guda a shagon dabino, inda nake zaton yana da la'ada. Saboda haka ku gama ciniki kafin ku shiga: wurare nawa, minti nawa a kowanne, kuɗin na mota ne ko na kowane mutum.

Bas ɗin ki bar wa kanki. Ranar da Mama take hutawa, ki hau bayan La'asar, ki sauka a Anbariyya, ki dawo Harami kafin Magariba.